Uwar Gari: Tunawa da Nana Asma'u da Tsofaffin Gidajenmu



Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki da ya tara mu cikin ƙoshin lafiya. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa. Malamanmu da iyayenmu da ke zaune nan gaba, Allah ya ƙara girma. Ƙannena samari da ƴammata, na nan Tajaye da waɗanda suka taso daga Illela, Malbaza da Ƙonni, sannunku da zuwa, sannunku da hanya.

Shugabannin ƙungiya sun ce in yi magana a kan uwa, irin tsohuwar nan da Allah ya ba tsawon rai, ta riƙe gida, ta riƙe addini har ta koma ga Ubangijinta. Na zaɓi in ɗauko muku wadda tarihinta yake a rubuce, don kada wani ya ce tatsuniya ce. Ita ce Nana Asma'u ƴar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda mutanen zamaninta suka riƙa kira Uwar Gari. In na gama ba ku labarinta zan maido ku cikin gidajenku, domin a can maganar take ƙarewa.

Kada ku ɗauka baƙuwa ce a gare mu. Mahaifinta, Shehu Usmanu, a Marata aka haife shi a shekarar 1754, nan kusa da Galmi, inda wasunku ke zuwa aikin albasa. Daga baya gidansu ya koma Ɗagel, cikin ƙasar Gobir, can aka haifi Nana a 1793. A wancan lokacin babu iyakar da muka sani yau tsakanin Ƙonni da Illelar Najeriya. Ƙasa ɗaya ce, kasuwa ɗaya, malamai na kai da komo da almajiransu.

Tagwaye aka haife su, ita da Hassan. Bisa al'ada Husaina za a ce mata, amma Shehu ya raɗa mata Asma'u. Wanga suna na tuna mana da Asma'u ƴar Sayyidina Abubakar, wadda ta yi wa Manzon Allah da mahaifinta guzuri a lokacin hijira, ta kuma rayu wajen shekara 100. Mahaifiyar Nana, Maimuna, ta rasu tun tana ƙarama. Matan ubanta ne suka raine ta, cikinsu har da Hauwa'u mahaifiyar Muhammadu Bello. Ku riƙe wannan da kyau. Wadda za ta zama uwar ƙasa guda, a hannun kishiyoyin uwarta ta tashi, kuma ba su bar ta da maraici ba. A gidan nan mata karatu suke yi kamar maza. Shehu da kansa, a littafinsa Nurul Albab, ya yi faɗa da malaman da ke tara almajirai a zaure suna koya musu, alhali sun bar matansu da ɗiyansu mata cikin duhun jahilci a cikin gida.

Tana da kamar shekara 11 aka yi hijira daga Ɗagel zuwa Gudu, a watan Fabrairu na 1804, bayan zama ya gagara tsakanin jama'ar Shehu da Sarkin Gobir Yunfa. Shekarun da suka biyo baya na yaƙi ne da ƙaura daga wannan sansani zuwa wancan, ga yunwa, ga cuta. Sai a 1808 Alƙalawa ta faɗi, a 1809 aka fara gina Sakkwato. Kakannin wasunmu suna wannan ɓangare, na wasu suna wancan, yau kuma ga mu sahu ɗaya a masallaci, alhamdu lillahi. Abin da nake so ku gani shi ne, yarinyar nan ƙuruciyarta a kan hanya ta ƙare, amma ba ta ajiye allo ba. Ta sauke Alƙur'ani, ta yi zurfi a fiƙihu da sauran fannoni. Ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, kuma tana jin Tamajak, harshen ƴan'uwanmu Abzinawa. Mu mutanen Tajaye mun san amfanin mutum ya iya harshen maƙwabcinsa.

Ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, aminin yayanta Muhammadu Bello, wanda ya zama Wazirin Sakkwato. Ta haifi ɗiya maza, cikinsu Abdulƙadir wanda ya gaji ubansa a wazirci. Gidan waziri kuwa gida ne na baƙi dare da rana, manzanni daga garuruwa, malamai, matafiya, mabuƙata. Duk wadda ta taɓa riƙe babban gida ta san abin da hakan ke nufi ga uwargida. A cikin wannan hidima ne ta rubuta littafinta Tanbihul Gafilina a 1820. Ita da mijinta suka tsaya wajen tattara rubuce-rubucen Shehu bayan rasuwarsa a 1817, don kada su salwanta. Ayyukanta da suka iso gare mu sun kai wajen 60.

To, ga babban aikin da ya sa muke ambatonta yau. Yaƙi in ya ƙare yakan bar zawarawa da marayu da matan da aka kwaso daga garuruwansu. Ƙauyuka sun cika da matan da ba su san yadda ake alwala daidai ba, ba su san hukuncin haila da biƙi ba, in cuta ta zo sai a nufi ƴan bori. Malami namiji ba ya shiga cikin gidan wani. Matar aure mai goyo kuma ba ta iya barin gida ta yi tafiyar kwanaki zuwa birni. Yaya za a yi?

Nana ta duba ta ga akwai waɗanda hanya ba ta rufe musu ba, wato tsofaffin mata da suka gama haihuwa, da ƴammatan da ba a kai ga yi musu aure ba. Sai ta riƙa zaɓen dattijuwa mai hankali da amana daga ƙauye, ta naɗa ta shugaba, a kira ta jaji, sunan da ake ba mai jan ayarin fatake. Takan ba ta malfa, ta naɗa mata jan ƙyalle a kai. Malfa kuwa a da alama ce ta Innar Gobir, shugabar bori. Nana ta ɗauki abin da mata suka riga suka sani suna girmamawa, ta mayar da shi alamar ilimi. Jaji takan jawo ayarinta a ƙasa har gidan Nana, su zo da abin da ya sawwaƙa na hatsi ko zuma ko man shanu, ita kuma ta raba wa mabuƙata. Su zauna su ɗauki karatu, su koma gida su shiga ɗaki ɗaki suna koya wa matan aure. Waɗannan su ne Ƴan Taru.

Karatun a waƙe ta tsara shi, domin mai daka da mai kaɗi ba su iya riƙe littafi, amma baki yana iya maimaita baiti hannu na aiki. Ta yi gajerar waƙa, Sunago, wadda ta jera sunayen surorin Alƙur'ani 114 a cikinta. Ta yi Godaben Gaskiya a kan hanyar tsira. Ta mayar da waƙar mahaifinta daga Fulatanci zuwa Hausa, ita ce Tabbat Haƙiƙa, don ta ga yawancin matan da take son isarwa gare su Hausa suke ji. Ta yi waƙar roƙon ruwa lokacin fari. Ta yi waƙa tana lissafa salihan mata tun daga iyayen muminai har zuwa matan gidansu, don mace ta san tana da magabata.

Tsawon rai yana da nasa nauyi, ƙannena. Wanda ya daɗe shi ke binne mutanensa. Ta ga rasuwar mahaifinta, ta ga ta baffanta Abdullahi na Gwandu, ta ga ta Muhammadu Bello a Wurno a 1837, ta ga ta mijinta, da ta ƙawarta A'isha. Da yawansu ta yi musu waƙar alhini. Amma ga abin da ya fi taɓa ni cikin tarihinta. Bayan manyan mutane, ta yi wa talakawan mata ma. Ta yi wa maƙwabciyarta Halima, tana yabon kirkinta da riƙon zumuncinta. Ta yi wa Zaharatu, wadda ke zuwa wurin mata masu naƙuda, take wankan gawa, take koyar da marasa sani. Ta yi wa Hauwa'u, wata jaji da ta yi shekaru tana jawo mata zuwa karatu. Ba don alƙalamin Nana ba, da yau babu mai sanin an taɓa yin waɗannan bayin Allah. Ƴar Shehu, ƙanwar Sarkin Musulmi, matar Waziri, ta ga cewa ungozomar unguwa ta isa a rubuta sunanta a ajiye wa na baya.

Ta rasu a 1864 tana da shekara 71, aka binne ta a Sakkwato kusa da mahaifinta, a Hubbare. Ƙanwarta Maryamu ta ci gaba da riƙon Ƴan Taru. Takardunta kuwa zuriyarta suka adana, har suka iso hannun Waziri Junaidu wanda ya rasu a 1997. A wurinsa ne wata Baturiyar Ingila, Jean Boyd, ta yi shekaru tana nazarinsu. Ita da Beverly Mack ta Amurka suka buga ayyukan Nana a littafi guda a 1997. Yau makarantun ƴammata da dama a Najeriya sunanta suke ɗauke da shi, har a Amurka akwai mata Musulmi da suka kira ƙungiyarsu Ƴan Taru. Kun ga, shekara 71 ta yi a duniya, ga shi an haura shekara 150 da rasuwarta ana cin amfaninta.

Yanzu mu dawo gida. A kusan kowane gida na Tajaye akwai wata tsohuwa a ɗakin ƙurya, ko a gindin bedi da tasbaha a hannu. Wasu Kaka suke ce mata, wasu Inna, wasu Hajiya. Mu ɗauki wadda aka haifa wajajen 1940, mu yi lissafin abin da idonta ya gani. An haife ta ƙarƙashin mulkin Faransa, lokacin ana kwasar maza aikin tilas, wanda sai a 1946 aka soke shi. Tana matashiyar mace aka ba Nijar mulkin kai ranar 3 ga Agusta 1960. Tana da ɗiya a gabanta farin 1973 da 1974 ya zo ya share dabbobi. Bayan shekara goma ga yunwar 1984, wadda mutanenmu suka laƙaba wa El Buhari, lokacin da aka rufe iyakar Najeriya. Ta ga ta 2005 da jikoki a hannu. A irin waɗannan shekaru maza sukan fita biɗa, wasu Legas, wasu Abijan, wasu Libiya. Wa aka bari da rumbun da babu komai ciki da yara masu kuka? Ita ce. Ita ta shiga daji ta ɗebo anza, ta jiƙa ta kwana da kwanaki tana sauya ruwa har ɗacin ya fita. Ita ta dafa tafasa da dussa ta ce wa yara ta riga ta ci. Ubanka da ka gani yau da rawani, da wannan ya rayu.

Kuma cikin duk wannan ba ta bar salla ba. Wataƙila surorin da ta iya ba su wuce goma ba, amma wa ya fara koya maka Bisimilla kafin ka sa hannu a ƙwarya? Wa ya fara tashinka sahur? Wa ya ja hannunka zuwa makarantar allo, ya kai wa malam kuɗin laraba daga cinikin ƙuli-ƙuli ko saƙar tabarma? Da yawanmu da ke zaune nan muna jawo aya da hadisi, tushen karatunmu daga wadda ba ta iya rubuta sunanta ba ne. Aikin jaji ta yi, ko da babu wanda ya ɗora mata malfa.

Ina so in faɗi gaskiya, ku yi mini haƙuri. Akwai wani hali da ya shigo mu matasa masu karatu. Yaro ya yi shekara biyu a Islamiyya, ko ya saurari wa'azi a salula, sai ya dawo gida ya tsaya a kan kakarsa yana ce mata sallarta ba ta yi ba, duk abin da take yi bidi'a ne. In akwai gyara, a gyara mana, addini ba ya jin kunyar gaskiya. Amma dubi yadda Nana ta yi. Ta tarar da mata cikin bori tsundum, ba ta kore su ba, ta jawo su da abin da suka sani, ta ba su girma kafin ta ba su karatu. In ka ga Fatihar kakarka na da gyara, zauna ƙasa kusa da ita bayan magariba, ka ce, “Kaka, ki saurare ni in biya, ki ji ko na iya.” Ku biya tare. Ai tsakanin jika da kaka akwai wasa. Kai take ce wa mijinta, ke take ce wa kishiyarta. Wannan ƙofa ce da Allah ya buɗe muku wadda iyayenku ma ba su da ita. Ku shiga ta nan.

Akwai kuma abin da ya fi wannan muni. Tsohuwa in shekaru suka yi nisa takan rikice. Ta manta sunan ɗanta, ta yi magana ita kaɗai, ta fita da dare ba ta san inda za ta ba. Wannan ciwon tsufa ne, likitoci sun san shi. Amma sai ka ji a unguwa an fara raɗe-raɗin wai mayya ce, yara na gudunta, wani lokaci har da jifa. Wallahi duk ɗan ƙungiyar nan da ya ji ana faɗin haka ya yi shiru, ya ci amanar karatunsa. A Suratul Isra'i Allah ya hana mu ko da nuna ƙosawa ga iyaye idan tsufa ya cim musu a hannunmu. Da aka tambayi Manzon Allah (SAW) wanda ya fi cancantar kyakkyawan zama, uwa ya ambata har sau uku kafin ya ambaci uba.

Ku kuma masu shirin tafiya cin rani bayan girbi, ban ce kada ku tafi ba, kowa ya san halin da ake ciki. Aiko da jikka biyar ko goma abu ne mai kyau, Allah ya ba da lada. Sai dai kuɗi ba ya hira. In ka kira waya, kada ka tsaya ga matarka da abokanka. Ka ce a kai wa tsohuwa salula a kunne, ta ji muryarka, ta sa maka albarka. Mutum nawa ne cikinmu labarin rasuwa ya iske su a Agadas ko a Tamanrasat, suka dawo sai kabari aka nuna musu?

Saboda haka ina roƙon ƙungiyarmu abubuwa huɗu, kuma duk ba su buƙatar tallafin kowa.

Na farko, kowane ɗan ƙungiya ya ware yini ɗaya cikin watan nan ya zauna da tsohuwar gidansu ko ta maƙwabta. Ya nemi izininta ya ɗauki muryarta a salula, ko ya rubuta a littafi, da boko ko da ajami. Ka tambaye ta sunan uwarta da na kakarta, daga ina suka taso, wa ya haƙa rijiyar unguwa, wane malami ya fara karantarwa a garin, yaya aka yi aka tsira a shekarar yunwa. Mu maza mun iya jero kakanni ta wajen uba. Mutum nawa ne a nan zai iya faɗin sunan kakar uwarsa? Sakataren ƙungiya ya tanadi babban littafi a tara abin da aka samo. Abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba, to mu tambaya tun mai hangen na nan.

Na biyu, hidimar tsofaffi kada a bar wa surukai da ƴammata su kaɗai. Samari, ɗebo ruwa, gyaran danga, yaɓen ɗaki kafin damina, kai ta asibiti a kan babur, duk aikinku ne. A kowace unguwa a san tsofaffin da ba su da kowa, a raba su tsakanin ƴan ƙungiya, kowa ya san wadda zai riƙa leƙawa.

Na uku, ƴan'uwa mata da Allah ya ba karatu, ku ne jajin wanga zamani. Akwai matan aure da yawa da aka cire daga makaranta tun ba su iya komai ba, kuma kunya ta hana su tambaya. Ku nemi iznin mazajensu da na malamai, ku shiga gida gida, ko sau ɗaya a mako. Ku kuma samari, gobe ku ne iyaye. Wanda ya cire ƙanwarsa ko ɗiyarsa daga karatu, allo ne ko lakkwal, ya tuna da faɗan da Shehu ya yi wa malaman zamaninsa.

Na huɗu, waɗanda nasu tsofaffin suka riga mu gidan gaskiya, aikinku bai ƙare ba. Manzon Allah (SAW) ya sanar da mu cewa addu'ar ɗa nagari na cikin abubuwan da ke isa ga mamaci bayan ayyukansa sun yanke. Ku biya bashin da ta bari, ko na kwanon hatsi ne. Ku riƙa gaida ƙawayenta da ƴan'uwanta na ƙauye, waɗanda ita kaɗai ke zuwa musu suna da gaisuwar mutuwa. Sau da yawa tsohuwa ita ce igiyar da ta ɗaure dangi, ranar da ta tafi sai kowa ya kama gabansa. Wani cikinku ya ɗauki igiyar.

Allah ya jiƙan Nana Asma'u, ya jiƙan Shehu da jama'arsa. Allah ya jiƙan iyayenmu mata da kakanninmu da suka rigaye mu, waɗanda muka san sunansu da waɗanda sunansu ya ɓace mana, ya haskaka kaburburansu. Waɗanda ke raye Allah ya ƙara musu lafiya, ya sa su gama da mu lafiya, ya ba mu ikon yi musu hidima tun suna gani. Allah ya ba ƙasarmu zaman lafiya da damina mai albarka, ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.